Corolla 2005: wane shokozoba zan sa, kuma ko in mayar da birkin baya na faifai?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen masana. Corolla nake hawa, 2005 LE 'yar Amurka, otomatik, kuma ƙafarta ta gaji. Ramin da bai kai ya kawo ba sai ka ji gaf daga baya. In na ɗauki mutum uku a baya ga kaya a but, zama take yi har ƙasanta ya riƙa gogar tudun rage gudu. In na taka birki da ɗan ƙarfi kuma sai hancin ya nutse, bayan ya tashi. Sana'ata tana sa ni yawan bin hanyar Kano zuwa Haɗeja, wani lokaci ma in sauka daga kwalta in shiga ƙauye.

Tambaya ta farko, shokozoba: sabo ɗan kwali zan saya ko ɗan Beljiyam? In sabo ne, na wane kamfani? Ta biyu, bakanikena ya ce tunda dai za a kwance bayan, in cire birkin duram a mayar min da shi na faifai irin na Corolla XRS, wai motar za ta fi tsayawa. Kafin in zuba kuɗi ina so in ji ta bakinku.

Golf3_Zalla:
Wa alaikumus salam. Sayar da ita ka sayi Golf ka huta da wahala.

Dan_Gwammaja:
Allah ya shirye ka. Da gaske nake wallahi.

Oga_MaiKafa:
Wa alaikumus salam Malam. Aikin ƙafar mota shi ne sana'ata, to bari in raba maka maganar, don ka haɗa cuta biyu wuri guda. Zaman da motar take yi da lodi ba laifin shokozoba ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shi shok (shokozoba) aikinsa ya hana ta ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. Ko na zinare ka sa mata, in sifirin ɗin baya ya saki, haka za ta ci gaba da zama. Motar da ta kai shekara 20 tana cin lodi, ba abin mamaki ba ne sifirin ya gajarce. Ajiye ta a wuri mai daidai, ba kowa a ciki, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. In ka ga bambanci, ko baya ya yi ƙasa sosai, ka san inda matsalar take.

Nutsewar hanci da rawa kuwa, wannan shok ne. Ƙarar gaf ɗin nan kuma a sa ido a kan robar da ke saman shok, da manyan bushin guda biyu da suka riƙe ƙarfen baya da bodi. Mutane da yawa sun sayi sabon shok, ƙara tana nan, ashe bushin ne.

Abu_Sumayya:
Ni dai Beljiyam nake sa wa tawa. Asalin na kamfani ne da ya fito a jikin mota, ya fi waɗannan na kwalin da ba ka san inda aka ƙera su ba. Je ka Ƙofar Ruwa da wanda ya san kan kaya, ka zaɓi wanda ya zo a haɗe da sifirinsa. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Injiniya_MB:
@Abu_Sumayya, asali ne, ba musu. Amma asalin da ya yi aiki shekara nawa? Wannan samfurin Corolla daga 2003 zuwa 2008 aka yi shi. Duk shok ɗin da ya fito da mota daga masana'anta, mafi ƙuruciyarsa na 2008 ne. Ba mita a jikinsa da za ta gaya maka kilomita nawa ya ci. Ga kuma motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa kan cinye farantin da sifirin yake zama a kai, a shafe da baƙin fenti ka ɗauka lafiya lau. Injin, giya, ƙofa, fitila, ba ni da ja a sayi Beljiyam. Amma shok kaya ne mai cinyewa, irin su fad da bel.

Abu_Sumayya:
Injiniya, maganarka a takarda daidai ce. A kasuwa fa? Ka kawo min sabon da ka tabbatar ba jabu ba ne.

Maman_Khairat:
Wannan ita ce maganar. Ni Toyota Matrix gare ni, kusan ƙafarsu ɗaya da Corolla. Wani shago aka kai ni, kwali mai kyau da tambarin babban kamfani, mai shago har da rantsuwa. Damina ba ta fita ba na ga mai yana tsiyaya a jikin na baya. Da na koma sai ya ce wai hanyar unguwarmu ce. Hanyar unguwarmu kuwa kwalta ce sumul. Tun daga nan ba na sayen abin ƙafa sai da rasit, kuma sai an rubuta min cewa in ya zubar za a canja.

Oga_MaiKafa:
Sannu Hajiya. Abin ya yi yawa. Ga abin da nake dubawa kafin in karɓi sabo. Lambar kaya ta zama a buge take a jikin ƙarfen, ba a takardar liƙawa kawai ba, kuma ta yi daidai da ta kwali. Waldar ta zama mai tsabta. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, jabu yakan yi shafal. Sandar ta yi sheƙi ba karce. Sai ka tsayar da shi a miƙe ka danna har ƙasa: ya shiga da ƙarfi iri ɗaya, ba wurin da zai zurma kamar babu komai a ciki, sannan ya dawo da kansa a hankali. Duk da haka akwai jabun da zai wuce wannan jarrabawar, shi ya sa dila amintacce ya fi komai.

Akwai kuma na uku da ba ku ambata ba: wanda ake hudawa a ɗura masa mai, a toshe da walda, a fesa fenti a sayar a matsayin Beljiyam. Ku riƙa shafa jikinsa da hannu, za ku ji ɗan ƙullutun waldar.

Batun kamfani, KYB na Japan yana cikin masu yi wa Toyota shok tun daga masana'anta, kuma Excel-G ɗinsu shi ne wanda aka yi don maye gurbin na asali. Akwai Monroe, akwai Sachs. Duk wanda ka samu na gaske a cikinsu zai yi maka.

Sadiq_Turbo:
A sa mai gas ko mai mai? Ni an ce min mai gas tauri gare shi, yana karya baya a gargada.

Injiniya_MB:
Dukansu akwai mai a ciki. Wanda ake kira mai gas, iskar naitirojin aka ƙara masa don kada man ya yi kumfa in ya ɗau zafi. In mai ya yi kumfa shok ya daina riƙewa, kuma a doguwar hanya mai gargada ne hakan ke faruwa. To ga mai bin hanyar Haɗeja da ƙauyuka, mai gas ɗin ne ma ya fi dacewa. Taurin da mutane ke kuka da shi, sau da yawa sun saba ne da mataccen shok, ko kuma fakanaiza ya ɗura wa taya iska fiye da kima. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta faɗi iskar da ta dace, amma wa ke karantawa?

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. To batun birkin fa? Shi ne ya fi cin kuɗi.

Direban_Jos:
Ni ina bayan faifai. Duk wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da cikakken lodi ya san abin da ake nufi da birki ya yi zafi. Kana takawa kana jin ƙauri, motar tana ƙara tafiya. Duram rufaffe ne, zafi ba ya da wajen fita, kuma in ya ɗau zafi buɗewa yake yi ya nisanci lainin, sai ka ji ƙafarka tana ƙara yin ƙasa. Faifai a fili yake, iska na dukansa. Da damina ma in ka ratsa ruwa, faifai ya bushe nan da nan, duram kuwa sai ka yi ta tattakawa kafin ya dawo hayyacinsa. In da duram ya isa, me ya sa Toyota da kanta ta sa wa XRS faifai a baya?

Kawu_Mai504:
Yaro, ka faɗi gaskiya a kan zafi, amma bari in tuna maka. Fijo 504 wagon da fikof ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna, waɗanda suka yi jigilar ƙasar nan kaf, duram ne a bayansu. Da su muka bi wannan Hawan Kibon da kake faɗa, da fasinja da buhuna. Abin da ya tsare mu, bayan kiyayewar Allah, giya ce. Tun daga sama kake sauko da giya, injin ya riƙe motar, birki ka riƙa taɓa shi jefi-jefi. 'Ya'yan yanzu sai su bar ta a D su ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Wannan ko faifai huɗu gare ka sai ya ƙone. Ita ma otomatik ɗin ai akwai 2 da L, ba ado aka sa su ba.

Direban_Jos:
Allah ya ƙara girma Kawu, ban musa ba. Amma ba kowa ke da hannunku ba.

Injiniya_MB:
Tambayar @Direban_Jos tana da amsa. XRS ta 2005 da 2006 wata mota ce daban a cikin rigar Corolla: injin 2ZZ mai ƙarfi, giyar hannu shida, wili inci 16. An yi ta ne don mai son gudu da taka birki a kai a kai. LE kuwa 1ZZ gare ta. Kuma Toyota ba ta daina sa duram a bayan LE ta Amurka ba a samfurin 2009, har ma da na 2014. Hilux ɗin da ke yawo a hanyoyinmu da lodi, leƙa bayanta ka gani, duram ne.

Dalili shi ne, in ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa. A mota irin wannan, mai injin a gaba kuma mai ja da gaba, kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa tayoyin gaba ke yi. Bayan da ya yi sakayau ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa, in ma ka ba shi fiye da kima illa ce: tayoyin baya su riga na gaba kullewa, motar ta juya da kai. Shi ya sa a motar da ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai bawul na musamman da ke rage ƙarfin da ke zuwa baya, kuma an auna shi ne da duram ɗin da motar ta zo da shi. Ka canja zuwa kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, ba ka kula da wannan ba, ka taɓa lissafin da ba ka san kansa ba.

Wani abu kuma, abin da ke tsayar da mota a ƙarshe riƙon taya da kwalta ne. In duram ɗinka yana iya kulle taya, to ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da tayar za ta iya ɗauka. Faifai ba zai rage maka ko taku ɗaya ba a birkin gaggawa guda. Amfaninsa yana fitowa ne in ana taka birki a kai a kai, wato irin gangaren da Direban Jos ya kawo. Daga Kano zuwa Haɗeja wane gangare ne?

Dan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Corolla 'yar Turai ta fi yawa, ta hanyar Kwatano da Lome take zo mana, kuma da dama cikinsu da faifai suke zuwa a baya tun daga kamfani. Gargaɗi ɗaya zan yi: kar wani ya ce zai ciro na 'yar Turai ya sa maka. Tamu ƙusar wili huɗu ce, taku 'yar Amurka biyar. Ba za su hau ba sai an yi ta ƙira da walda, kuma birki ba wajen gwajin ƙira ba ne. Sannan ku sani faifan baya ma da nasa ciwon kai. A yashi da ƙurarmu ƙusoshin kalifa suna cijewa in ba a shafa musu giris, sai fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan sabo, wani lokaci taya ta riƙa zafi tana riƙe mota.

Oga_MaiKafa:
Wa alaikumus salam mutumin Maraɗi, ka taimaka. @Dan_Gwammaja, ka tambayi bakanikenka ya lissafa maka abin da zai sayo. Ba faifai da kalifa kaɗai ba ne. Akwai farantin baya da mazaunin kalifa, tiyon mai, kebul ɗin birkin hannu na hagu da dama, da ƙananan lainin na birkin hannu, don a wannan tsarin birkin hannun wani ɗan ƙaramin duram ne a cikin faifan. In motarka mai ABS ce kuma, sai hob ɗin ya dace da na'urar. Kayan nan daga XRS ko Matrix XRS ko Pontiac Vibe GT ake ciro su, kuma ba su da yawa a kasuwa. Abin da na fi gani shi ne a samo rabi, a ƙarasa rabin da dabara. An sha kawo min mota an yi mata wannan aikin, birkin hannu ba ya kamawa sam, mai ita yana yawo da dutse a but.

Golf3_Zalla:
Dutse a but! Wallahi na san mai irin wannan motar, a layinmu yake.

Sadiq_Turbo:
Ku faɗi gaskiya dai, faifai ya fi kyau a ido. In ka sa wili mai faɗin ramuka, duram mai tsatsa yana leƙowa, abin ba daɗin gani. Ni na yi wa tawa kuma ban yi nadama ba. Canjin fad minti kaɗan ne, ba ruwana da waɗancan ƙananan sifirin na cikin duram masu tsalle su ɓace a ƙasa.

Maman_Khairat:
To ka ga kai ka faɗi dalilinka tsakani da Allah, kwalliya da sauƙin gyara. Shi kuma mai tambaya cewa aka yi masa motar za ta fi tsayawa.

Sadiq_Turbo:
Hajiya ai ta fi tsayawa ɗin. Na ji bambanci a ƙafata.

Injiniya_MB:
Na yarda ka ji. Amma ranar da aka yi maka aikin ai an zuba sabon man birki, an cire iska, an sa sabon fad. Ka bar tsohon duram da ba a taɓa saitawa ba ka koma sabon kaya. Da an yi wa duram ɗin irin wannan hidimar, da wuya ka bambance.

Oga_MaiKafa:
Nan ne inda nake so a zo. Yawancin Corollar da ake kawo min da kukan birki ya yi ƙasa, duram ɗin baya ba ya aiki ne kwata-kwata. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora a ciki da ke matso da lainin kusa da duram yayin da yake cinyewa. Ƙura da tsatsa sukan kashe shi, lainin ya yi nisa, sai ka taka rabin hanya kafin baya ya fara taɓawa. Gaba ke ɗaukar aikin duka, fad ya riƙa ƙarewa da wuri, hanci ya riƙa nutsewa. Gwaji mai sauƙi: ja birkin hannu a hankali kana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa. Shida zuwa tara ya kamata ya kama. In sai ya kai sama can, baya na neman saiti. Kuma a saita daga cikin duram tukuna, ba a ɗaure kebul kawai a ce an gama ba.

In an buɗe, a ɗaga robar silindar taya a gani ko tana jiƙe. In tana yoyo a canja, lainin da ya sha mai kuma ba ya wankuwa, sai sabo. A auna cikin duram, iyakar faɗin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinsa. Kuma don Allah yara su daina hure ƙurar ciki da baki.

Direban_Jos:
Man birki fa kar a manta. Shi ne ya fi ba ni tsoro a gangare.

Injiniya_MB:
Ƙwarai. Man birki nau'in DOT 3 Toyota ta rubuta a murfin, DOT 4 ma yana shiga kuma ya fi jure zafi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Matsalar ita ce man yana shan danshin iska, in ya tsufa ya sha ruwa sai ma'aunin ya faɗo wajen 140 zuwa 155. Ya tafasa, tururi ya shiga layi, ka taka ka ji wayam. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 kuwa kar a kuskura, wani sinadari ne daban, ba ya haɗuwa da sauran.

Abu_Sumayya:
Mun bar maganar zaman mota. Ni sifesa, wato abin da ake cusawa don ƙara wa mota tsayi, na sa wa tawa gaba da baya ta tashi, yanzu ba abin da take gogawa.

Oga_MaiKafa:
Ɗan kaɗan ba laifi, musamman a baya. Amma sifesa ba ya mayar wa gajiyayyen sifirin ƙarfinsa, ɗaga shi kawai yake yi, da lodi zai sake zama. A gaba kuma in ya yi yawa shaf yana karkacewa, robarsa ta yage, ga shok yana miƙewa har ƙarshe yana bugawa. Masu cusa sifirin ɗin babbar mota su ma haka, motar ta yi tsayi amma baya ya riƙa tsalle in ba kaya. Kuma taya mai tsalle ba ta riƙe ƙasa, balle ta tsayar da mota. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa mataccen shok yake ƙara wa birki nisa.

Kawu_Mai504:
Ku tambaye shi tayoyin da ke jikin motar ma. Ana ta maganar faifai, wataƙila tayar ta girmi ɗansa na fari.

Dan_Gwammaja:
Kawu ka kama ni da dariya. 195/65R15 ne, na gaba sababbi, na baya Beljiyam. Yanzu na fita na duba lambar nan mai huɗu ta jikinsu, sati da shekara, na baya sun kwana biyu gaskiya. Birkin hannu kuma na ƙirga, ya wuce goma bai kama sosai ba. Motar ba ta da ABS.

Abin da nake gani, zan fara da shok huɗu sababbi da robobinsu, sifirin ɗin baya, a buɗe duram a yi masa hidima, a canja mai. In ban gamsu ba sai a dawo maganar faifai.

Direban_Jos:
Ba laifi, amma ni har yanzu ina kan bakana. Ran da aiki ya kai ka Mambila za ka tuna da ni.

Oga_MaiKafa:
In za a ɗaura, ka tsaya a wurin. Kar a bari yaro ya kwance sifirin ɗin gaba ba tare da abin matse shi ba, yana iya raunata mutum. Ƙusoshin da suka ratsa bushin kuma kar a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, don an taɓa gaba. Tayoyin bayan nan ma ka sa su a lissafi.

Maman_Khairat:
Oga, tunda ana ciki, tawa Matrix ɗin 2006 ce ba XRS ba. Shok ɗin bayan Corolla zai hau mata, ko lambarsu daban?

Oga_MaiKafa:
Kar ki saya da ka, Hajiya. Akwai mai ja da gaba kawai, akwai mai ja da ƙafa huɗu, kuma bayansu ba iri ɗaya ba ne sam. Turo min hoton ƙasan motar ta baya da lambar da ke jikin tsohon shok ɗin in duba miki.